Kyanwar mangaza da zawon da ya ƙi ƙarewa: yadda muka zaɓa mata abinci

Mun saba tattaunawa a nan kan shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Darasinmu na yau a kan kyanwa yake, wadda wasu ke kira mage, wasu kuma mussa. Na san akwai wanda zai yi murmushi ya ce malamin dabbobi ya rasa abin faɗa. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, za ku ga inda lafiyar kyanwa ta haɗu da dussarku da kuma cikin awakinku.

Abin da ya faru a Sarkin Yamma

A wata bazara na je duba mangazar abincin dabbobi ta wata ƙungiya da nake bi a ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa. Lokaci ne da ciyawa ta ƙare a daji, kowa ya dogara ga dussar alkama da angurya da ƙungiya ta saya tun kaka. Da muka buɗe ƙofa sai wari ya tarbe mu. Buhu huɗu ɓera ya huda, kuma a kan dussar da ta zube ga kashin kyanwa tsululu har wuri uku.

Dattijon da ke tsaron mangazar ya nuna mini ita kwance bayan ƙofa. Kyanwa ce babba, ta kai shekara biyar a wurin. Ta rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya yi buzu-buzu. Ya ce mini, "Malam, wata biyu ke nan. Ta ci ta yi amai, ta sha ta yi zawo. Kullum ina ba ta nono don ta yi ƙarfi, amma sai baya take yi. Shugabanni sun ce a kai ta daji a yar, a samo ƴan ƙanana biyu su maye gurbinta."

Na ce, "Baba, a ba ni mako uku kafin a yanke wannan shawara."

Me ya haɗa makiyayi da lafiyar kyanwa?

Dalili na farko kowa ya san shi. Inda babu kyanwa mai kuzari, ɓera ke mulki: ya ci, ya huda buhu, ya yi fitsari a kan sauran. Maganin ɓera kuwa haɗari ne a wurin da ake ajiye abin da dabbobi za su ci.

Dalili na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira toksofilasma, wadda ke hayayyafa a hanjin kyanwa, ta fito cikin kashinta. Idan akuya ko tunkiya mai ciki ta ci dussa ko harawar da kashin ya taɓa, tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa matacce ko raunanne. Mace mai juna biyu ma tana iya kamuwa, cutar ta taɓa abin da ke cikinta. Kyanwa ta fi zubar da ƙwayayen cutar a karon farko da ta kamu, na tsawon mako 1 zuwa 3, kuma galibi hakan na faruwa ne tana ƙarama, lokacin da ta fara kamun ɓera. Babbar kyanwa yawanci ta riga ta wuce wannan mataki. Saboda haka yar da tsohuwa a kawo ƴan ƙanana mangaza ƙarin haɗari ne ga garke. Gara a yi jinyar wadda ake da ita.

Mene ne kumburin hanji mai daɗewa?

Zawon kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne ga babbar kyanwa. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ya wuce mako 3, ko yake tafiya yana dawowa. A irin wannan ciwo, sojojin garkuwar jiki ne ke taruwa a bangon hanji suna faɗa da abin da bai kamata su yi faɗa da shi ba: wani sashe na abinci, ko ƙwayoyin da ke zaune a hanji tun asali. Bangon sai ya kumbura ya yi kauri, ya kasa tsotse amfanin abinci. Shi ya sa za ku ga kyanwa tana ci amma tana ramewa.

Alamominsa su ne amai akai-akai, zawo, ramewa, lalacewar gashi, da ci mai hawa da sauka. Idan zawon mai yawa ne kuma ruwa-ruwa, ga rama, matsalar ta fi karkata ga ƙaramin hanji. Idan kuwa tana yawan tsugunawa tana yunƙuri, kashin kaɗan-kaɗan da majina ko ɗigon jini, to babban hanji ne.

Tabbatar da wannan ciwo ɗari bisa ɗari sai an yanko ɗan ƙaramin yanki na hanji an duba a ɗakin bincike. A karkara hanyar da muke bi ita ce mu kawar da sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya, sannan mu gwada abinci. Hanyar tana da tushe. A wani bincike da aka wallafa a 2001 a ƙasar New Zealand, an bi kyanwoyi 55 masu amai ko zawo mai daɗewa, sai kusan rabinsu suka warware da canjin abinci kawai.

Kafin a taɓa abinci, a fara da tsutsa

Kyanwa mai cin ɓera ba ta rabuwa da tsutsar ciki. Akwai doguwa mai kama da taliya, akwai kuma mai faɗi wadda guntayenta ke fitowa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Ita wannan ta biyu daga ɓera da ƙuma take samun ta. Idan tsutsa ce ke kawo zawon, duk canjin abincin da za a yi aikin banza ne.

Na kira likitan dabbobi mai zaman kansa da muke aiki a ƙarƙashinsa, na gaya masa nauyinta. Mun auna ta ne da sikelin mangaza: muka sa ta a buhu, muka rataya, ta ba da kilo 2 da giram 400. Ya rubuta fenbendazol na kwana 5 da firazikwantel sau ɗaya, gwargwadon nauyin nan.

A nan ina roƙonku da babbar murya: kada ku ɓalli ƙwayar albendazol ta shanu ku ba kyanwa, domin tana iya lalata mata ɓargo. Kada ku zuba mata maganin kaska na shanu ko tumaki a baya. Irin mai sinadarin fametirin da danginsa yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Farasitamol kuwa, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Jikin kyanwa ba ya iya sarrafa waɗannan magunguna yadda na saniya ko na mutum ke yi.

Bayan mako ɗaya tsutsotsi sun fita, amma amai da zawo suna nan. Sai muka juya ga abinci.

Cikin kyanwa ba irin na akuya ba ne

Akuya tana da tumbi mai ɗaki huɗu, cike da ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa da ƙaiƙayi. Kyanwa ciki ɗaya gare ta da gajeren hanji. Allah Ya halicce ta maciyar nama, kuma akwai abubuwan da jikinta ba ya samu sai daga nama. Babba a cikinsu shi ne sinadarin da ake kira tawurin. Idan ta daɗe ba ta samunsa sai idonta ya mutu, zuciyarta ta yi rauni. Gero, dawa, masara da wake ba su da shi. Zuciyar dabba kuwa tana da shi da yawa, haka ma ɓera.

Na tambayi dattijon abin da take ci. Ya lissafa: sauran tuwo da miya, fura da nono, kan busasshen kifi irin wanda ake kawowa daga tafkin Madarunfa, wani lokaci guntun naman shanu daga mai tsire. Tun da ta kwanta kuma ya ƙara mata nono da madara safe da yamma.

Ga inda tausayi ya zama cuta. Ɗan kyanwa yana narkar da sukarin da ke cikin madara muddin yana shan mama. Bayan yaye, sinadarin da ke wannan aiki a hanjinsa yana raguwa ƙwarai. Babbar kyanwa in ta sha madara da yawa, sukarin sai ya wuce bai narke ba, ya jawo ruwa cikin hanji, ya zama zawo. Nono mai tsami ya fi madara sauƙi kaɗan, amma furotin ɗin da ke cikinsa iri ɗaya ne, kuma shi ma yana cikin abubuwan da ke tayar da hanjin wasu kyanwoyi, tare da naman shanu, kifi da kaza.

Gwajin abinci ɗaya, mataki-mataki

Manufar gwajin ita ce a ba hanji hutu daga duk abin da ya saba faɗa da shi. A manyan birane na ƙasashen waje akwai abincin gwangwani da aka sarrafa musamman don wannan ciwo. Mu a nan da abin da ke kasuwarmu za mu yi aiki, kuma yana yi.

1. Ku lissafa duk abin da kyanwar ta saba ci, sannan ku zaɓi nama iri ɗaya wanda ba ya cikin jerin. Mu mun zaɓi na akuya, domin mahaucin garin yana yankawa kusan kullum, ita kuma ba ta saba da shi ba. Wanda ke kiwon tantabaru ko zabi yana iya zaɓar su. Ku sani cewa akuya da tunkiya dangin saniya ne, don haka kyanwar da naman shanu ke damu wani lokaci na akuya ma yana damunta. In haka ta faru sai a koma ga naman tsuntsu.

2. Ku nemi jan nama marar kitse da zuciya. Ba sai tsoka mai tsada ba, guntayen da ke saura a teburin mahauci sun isa. Hanta kaɗan ake sawa, kamar girman kan yatsa sau biyu a mako, domin yawanta yana jawo ciwon ƙashi da gaɓoɓi.

3. Ku dafa da ruwa zalla. Babu gishiri, babu dunƙulen ɗanɗano, babu yaji, babu mai. Kada ku zubar da romon, domin wani kaso na tawurin yana fita cikinsa. Ku yayyanka naman ƙanana, ku zuba masa romon, ku bari ya huce.

4. Kyanwa mai kilo 3 tana buƙatar kimanin giram 130 zuwa 150 na dafaffen nama a yini. Wanda ba shi da sikeli ya auna da ƙaramin gwangwanin tumatir: biyu a cike, ko biyu da rabi. Ku raba shi kashi 4. Hanji mai ciwo ya fi karɓar kaɗan-kaɗan a kan lodi guda.

5. Ku yi canjin a hankali idan tana da tsantseni. Madara da nono da miya a yanke su tun ranar farko. Sauran abin da ta saba ci kuwa a riƙa rage shi ana ƙara sabon, har ya zama sabon kaɗai cikin kwana 5 zuwa 7. Kada ku ce za ku bar ta da yunwa har ta saduda. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse yana taruwa a hantarta, kuma wannan ciwo yana kisa. In ta yi kwana 2 ba ta taɓa komai ba, ku kira likita.

6. Daga ranar da ta koma kan sabon abincin kaɗai, ku ƙirga kwana 14. A cikinsu kada komai ya shiga bakinta sai shi da ruwa mai tsabta. Loma ɗaya ta tuwo daga hannun yaro ta isa ta ɓata gwajin.

7. Ku riƙa rubutawa ko ku yi zane a bango: sau nawa ta yi amai, yaya kashin yake. Ku auna nauyinta kowane mako.

Idan kashin yana da majina kuma tana yunƙuri, ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa a cikin abincin yakan taimaka ya ɗaure. A lokacin zafi kada dafaffen nama ya kwana. Abin da ta rage bayan rabin awa a ɗauke.

Gardama biyu da muka sha

Mataki na 6 yana nufin a kulle ta a ɗaki, kada ta fita kamun ɓera da ƙadangare ko yawon gidaje. Dattijon ya ƙi. Ya tuna mini da matar nan da hadisi ya ba da labarin an yi mata azaba saboda ta tsare kyanwa har ta mutu. Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma laifin waccan shi ne ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita nema. Kai za ka ba ta sau huɗu a yini da ruwa a gabanta. Jinya ce." Ya yi shiru, can ya ce, "To, ɗana, a sa ta a zaurena inda zan riƙa ganinta."

Ta biyu daga ma'ajiyar ƙungiya ta fito. Ta ce, "Malam, mu da ƴaƴanmu ba kullum muke ganin nama ba, sai kyanwa?" Magana ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Muka zauna muka yi lissafi. Mahaucin ya yarda ya riƙa ba mu guntaye na dala hamsin a rana. Kwana 14 ya kama jika uku da rabi, bai kai kuɗin buhun dussa ɗaya ba, alhali ɓera ya riga ya huda huɗu. Ɓarin akuya ɗaya kuwa ya fi wannan kuɗi nesa. Ta ce a cire daga asusun gyaran mangaza, a rubuta a littafi.

Abubuwan da ba a ba kyanwa, lafiyarta ƙalau ko ba ta da lafiya

Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Kusan duk miyarmu tana da su, shi ya sa sauran miya ba abincin kyanwa ba ne.

Ƙashin kaza ko na kifi da aka dafa yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji.

Ɗanyen kifi a kai a kai yana iya lalata bitamin B1 a jikinta, ta riƙa tangaɗi.

Kada a ba ta mushe. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya tana iya zama cutar saifa ce. Kazar da ta mutu da kanta kuma tana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara gani a Nijar a 2006 a Magariya, kuma tana kashe kyanwar da ta ci tsuntsu mai ɗauke da ita. Mahaifa da ɗan tayin dabbar da ta yi ɓari a binne su da zurfi, kada kyanwa ko kare su ci, domin ta nan cutar ke sake zagayowa.

Yadda gwajin ya kasance

A kwana na 4 amai ya tsaya. A kwana na 9 kashin ya fara ɗaurewa. Ranar cikon 14 ta ƙara giram 200, ta fara lasar jikinta tana gyara gashi, abin da ta daɗe da dainawa.

Daga nan sai muka shiga kashi na biyu na gwajin, wanda mutane suka fi mantawa da shi: gano mai laifi. Ana dawo da tsofaffin abinci ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi kamar mako guda, ana kallo. Mun fara da nono. Kwana biyu zawo ya dawo. Muka janye, ta daidaita. Muka gwada busasshen kifi, sai amai. Muka janye. Dafaffen ƙwai bai yi mata komai ba. Da aka sake ta ta koma kamun ɓera ma lafiya lau. Ashe abokan gabanta biyu ne, nono da kifi, kuma su ne abin da ake ba ta don ƙauna.

Yanzu ɓera ne babban abincinta, ana ƙara mata gwangwani ɗaya na dafaffen nama ko ƙwai da yamma. Wanda kyanwarsa ba ta farauta, kuma za ta daɗe a kan nama zalla fiye da ƴan makonni, ya sani cewa tsoka ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi. Sai ya tafasa ɓawon ƙwai, ya shanya, ya daka shi lukui, ya zuba rabin ƙaramin cokali a kowane rabin kilo na nama, ya kuma nemi shawarar likita kan sauran abin da za a cike.

Idan abinci bai wadatar ba

Ba kowace kyanwa ce ke warwarewa da abinci kaɗai ba. In kun yi kwana 14 babu sauyi, ku gwada wani naman daban na wasu kwana 14. In har yanzu shiru, aikin ya koma hannun likita. Hanji mai kumburi ba ya tsotse bitamin B12 yadda ya kamata, don haka sau da yawa akan yi mata allurarsa mako-mako na wani lokaci. Akwai kuma maganin kwantar da garkuwar jiki, firednisolon, wanda likita ne kaɗai zai tsara yawansa da yadda za a rage shi. A tsohuwar kyanwa, ciwon ƙoda da sankarar hanji suna iya zuwa da alamomi iri ɗaya.

Kada ku jira gwaji ya ƙare idan kun ga jini da yawa a kashi, ko kashi baƙi kamar kwalta, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko ido ya faɗa, ko kun ja fatar wuya ta tsaya ba ta koma ba. Kyanwar da halinta ya canja farat ɗaya, tana dalala tana kai cizo, kada ku taɓa ta. Ku sanar da ma'aikatar kiwo, domin cutar haukan kare tana kama kyanwa ma. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Abin da ƙungiya ta canja a mangaza

Kyanwa tana son yin kashi a abu mai laushi da za ta iya tonawa, kuma zubabbiyar dussa a wurinta daidai take da rairayi. Saboda haka yanzu ana share ƙasa kullum, buhunan suna kan katako, wanda aka buɗe kuma ana ɗaure bakinsa ko a juye shi a tano mai murfi. An ajiye mata tsohuwar tasa cike da rairayi a waje, ana kwashewa kowace rana a binne, domin ƙwayayen toksofilasma sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin su iya kama wani. Mace mai juna biyu ba ta wannan aiki, wanda ya yi kuma yana wanke hannu da sabulu. Dussar da kashi ya taɓa an zubar da ita, ba a sayar wa kowa ba. Maganin tsutsa kuma duk wata 3, an rubuta ranakun a littafin mangaza kusa da na rigakafin awaki.

Da na koma bayan damina na tarar da ita a kan buhuna tana lumshe ido, nauyinta kilo 3 da giram 300. Dattijon ya ce jikokinsa har yanzu suna satar ba ta fura in ya juya baya, kuma washegari yakan gane.

A taronku na gaba, ku tambayi mai tsaron mangazarku ko rumbunku abu uku: me kyanwar wurin take ci, a ina take kashi, kuma yaushe rabon da a ba ta maganin tsutsa. Wanda ke da tambaya ya miƙa ta ga malamin dabbobi na yankinsa. Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.